Tsibirin Tuti a Kusurwar Taswirar Ƙanƙara

Kowace shekara, idan ɗaliban jami'a suka zo ofishinmu na taswira a Khartum domin koyon aiki, akwai tambayar da ba a daɗewa sai an yi mini ita. Wani zai ɗauko taswirar da na buga, ko ta dutse ce ko ta tafki, ya ɗora yatsa a kusurwar ƙasa ta hannun dama, ya ce, "Ustaz Haruna, me ya kawo Tuti nan?" Tuti, ga wanda bai san garinmu ba, tsibiri ne da ke daidai inda Shuɗin Nilu ke haɗuwa da Farin Nilu, tsakanin Khartum da Bahri da Umdurman. Ba shi da wata alaƙa da duwatsun Yuganda, amma duk da haka yana cikin kowace taswira da ta fita daga hannuna. Bana wata ɗaliba ta goge shi daga aikin da na ba ta, ta ce ya ɓata tsari. Ta ƙara da cewa, cikin ladabi, ai sana'ar ta zama mai sauƙi: a sauko da hoton tauraron ɗan'adam, a danna maɓalli, kwamfuta ta shafa wa ƙanƙara launi. Na sa ta mayar da tsibirin inda yake, na kuma yi mata alkawarin bayani a rubuce, domin idan da baki ne nakan tsallake abubuwa, kuma ba na son tsallake kome a wannan magana.

Aikin farko da aka ba ni a ofishin nan ba na kwamfuta ba ne. Na zo ne a ƙarshen shekarun casa'in, da sabuwar takardar shaidar digiri, ɗan mutanen da suka yi ƙwadagon auduga a Jazira kafin su dawo Umdurman da zama. Shugabar sashenmu, Ustaza Su'ad, ta zaunar da ni gaban wani teburin gilashi mai fitila a ƙarƙashinsa. Ta shimfiɗa hoton mahaɗar kogunan biyu, ta ɗora takarda mai shara-shara a kai, ta miƙo mini alƙalami mai bakin allura, ta ce in bi gaɓar tsibirin Tuti. Da na gama, ta ɗaga takardar ta duba, ta nuna wani wuri.

"Wannan baƙin, ruwa ne ko inuwar itatuwa?"

Na ce, "Ina jin ruwa ne, Ustaza."

Ta ce, "Jinka ka bar shi a gida. Tashi ka hau kwalekwale ka je ka gani."

A lokacin ba a gina gadar tsibirin ba. Na je, na tarar lambun lemun tsami ne. Wannan ita ce doka ta farko a sana'ar: duk abin da ka zana, sai ka je ka tsaya a kansa da ƙafarka. Watanni na yi ina zana Tuti, da ruwa ya cika da kuma bayan ya janye, har hannuna ya haddace lanƙwasarsa kamar yadda yaro ke haddace hanyar gidansu.

Kayan aikinmu kaɗan ne, kuma kowanne yana da halinsa. Kwamfuta ɗaya ce mai ƙarfin buɗe hotunan tauraro, ana rufe ta da zane idan an tashi, ana bin layi a kanta. Akwai allon kwafe layi, wanda ake bin zane a kansa da wata 'yar na'ura mai gilashi da gicciye a tsakiya, kowane lanƙwasa sai an danna. Akwai injin buga manyan taswirori, wanda idan tawadarsa ta ƙare sai a jira wani mai tafiya waje. Hotunan kansu ba a sauko da su kamar yau. Saboda takunkumin da aka sa wa ƙasar, sai dai su zo a faifai ta hannun wani shiri na ƙasashen waje, kuma wanda ya karce faifai ya karce aikin shekara. Idan wuta ta ɗauke kafin mutum ya adana aikinsa, sai ya ce innalillahi, ya jira janareta, ya sake daga farko.

Akwai kuma ƙa'idoji biyu da dole in ambata. Ta farko: tun da sojoji suka karɓi mulki, taswira ta zama abin tsaro. Shugaban ma'aikatar tamu wani Kanar ne, kuma babu takardar da ke fita ƙofa sai jami'in tsaro ya buga mata hatimi. Ta biyu tsohuwar al'adar ofis ce da muka gada: kowace taswira a kan takarda mai girma ɗaya ake buga ta. Ko Sudan ce baki ɗaya, ko ƙauye guda, sai an faɗaɗa ko an rage ta ta cika zanen murabba'in da ke tsakiyar takardar. Sunan taswira, da kwanan wata, da ɗan layin nan na ma'auni da ke nuna tsawon kilomita, duk a farin gefen ƙasa ake rubuta su, a wajen murabba'in. Ba wanda ya taɓa ganin aibin haka, domin masu zuwa wurinmu injiniyoyin ban-ruwa ne, da jami'an gona, da ma'aikatan agaji masu neman sanin inda ciyawa ta ƙone. Dukkansu, kafin su dubi taswira, gefen ƙasa suke fara dubawa.

Aikin ƙanƙara ya zo ne a farkon shekarun dubu biyu, cikin wani shiri na ƙasashen da ke shan ruwan Nilu. An raba ayyuka, namu kason ya faɗo a kan duwatsun Ruwenzori, waɗanda ke kan iyakar Yuganda da Kwango. A kan ƙololuwarsu akwai daskararriyar ƙanƙara da ba ta narkewa duka ko da rani, kuma ruwan da ke gangarowa daga can yana bi ta rafuka da tafki ya shiga Farin Nilu. An ce mu kwatanta tsohon hoto na shekarun tamanin da sababbi, mu faɗi abin da ya canja. Na karanta wannan a jami'a, amma ranar da na buɗe faifan na ga farin a kan allo, sai da na tashi tsaye. Zufa na zuba a bayana, fanka ta tsaya, ga shi kuma ina kallon ƙanƙara a can saman kogin da nake tsallakawa kullum da safe a cikin bas.

A duk sashen, Ustaza Su'ad kaɗai ta taɓa ganin dusar ƙanƙara da idonta, lokacin da ta yi wani kwas a Turai. Kuma babu kuɗin tura kowa Yuganda. Wato a karon farko za mu zana abin da ba za mu iya zuwa mu tsaya a kansa ba. Ta ce mini, "Tunda ƙafarka ba za ta je ba, sai ka ninka zarginka."

Ga abin da maɓallin ɗalibata ba ya gaya mata. Abu uku ne ke yin fari a kan dutsen nan, kuma ɗaya ne kawai muke nema. Na farko gajimare ne. Duwatsun kusan kullum a lulluɓe suke, kuma a idon mutum gajimare da ƙanƙara launinsu ɗaya. Amma tauraron yana ɗaukar hoto da idanu da yawa, wasu suna ganin hasken da idonmu ba ya gani. A ɗaya daga cikinsu gajimare yana nan da farinsa, ƙanƙara kuwa ta koma baƙa. Sai an haɗa idanun biyu ake raba su. Na biyu sabuwar dusa ce. Wannan Ustaza ce ta fahimtar da ni, domin ni a zatona ƙanƙarar kan dutse tsayayyen abu ne kamar dutsen kansa. Ta ce a'a, takan zuba cikin dare ta rufe ko'ina, kafin azahar ta zama taɓo. Wanda ya auna hoton da aka ɗauka washegarin zubarta, zai ba da rahoton cewa ƙanƙara ta ƙaru ninki-ninki, alhali abin da ya auna bai kai yamma ba. Don haka sai an nemi hoton ƙarshen lokacin bushewa, sannan a kwatanta da wasu hotuna a ga farin da ba ya gusawa. Shi ne na uku, tsohuwar daskararriya, wadda ita ce abin aunawa. Ita ma wani sashenta yana ɓoye a inuwar ƙololuwa, inda kwamfuta ke ganin baƙi ta ce dutse ne. Wannan sai da ido da hannu, ɗigo bayan ɗigo.

Kafin duk wannan ma sai an daidaita hotunan sun hau kan juna. Nakan nemi bakin wani ƙaramin tafki ko tsinin wani dutse a tsohon hoto, in nemo shi a sabo, in ɗaure su. Idan aka sami karkata ko da ta ɗigo biyu ce, sai ƙanƙara ta bayyana kamar ta narke ta gabas ta tsiro ta yamma.

Ranar da na ɗora layin tsohon hoto a kan na sabo, ban yarda da abin da na gani ba. Abin da ya rage bai fi kusan rabin na dā ba. Wurare da suke haɗe sun tsattsage sun zama 'yan tsibirai, wasu ƙanana sun ɓace ɗungum. Na ɗauka kuskurena ne. Na warware daidaitawar na sake, na canja hoto, na sake bin inuwa da hannu. Amsar ba ta motsa ba. Na kira Ustaza, ta tsaya a bayana ta duba layukan biyu, sannan ta ce, "La ilaha illallah. A cikin shekarun da ba su kai na ɗana ba." Muka buga gwaji guda domin mu duba da ido: abin da ya rage a fari, abin da ya tafi a ja, dutsen ya cika takarda kamar yadda al'adar ofis ta tanada. A gefen ƙasa na rubuta da manyan haruffa cewa gwaji ne, ba a kammala ba.

Kanar ya shigo yawon duba ofisoshi ya tarar da ita a kan tebur. Ya tambayi menene wannan ja. Na yi masa bayani. Ya ce, "Wato tushen Nilu ne ke ƙarewa?" Na ce, "Sa'adatak," wadda ita ce kalmar girmamawa da ake kiran hafsoshi da ita, "ƙanƙarar ce ke raguwa. Ruwan kogin kuwa yawancinsa na sama ne da ke sauka a kan manyan tafkuna." Ya ce ya gane, ya naɗe taswirar ya sa a hammata, ya ce zai nuna ta a wani taro. Ba wanda ya nemi hatimi a hannun Kanar. Ban san hannun da ta bi daga nan ba, kuma ba zan ɗora wa kowa abin da ban gani ba.

Azumi ya kama a wannan tsakanin. A unguwarmu, kamar ko'ina a Umdurman, maza a titi suke shan ruwa. Ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, kowane gida ya fito da tirensa, a tare duk mai wucewa a ce sai ya zauna. Tun la'asar ake sayo sandar ƙanƙara daga wurin mai sayarwa, a naɗe ta a buhu, a fasa a zuba cikin babban kwanon abre, abin shan nan na azumi da ake jiƙawa. A tabarmarmu babba shi ne Kawu Isiyaku, yayan mahaifiyata. Bayan shekarun da ya yi yana tsinkar audugar wasu a Jazira, da waɗanda ya yi yana ƙwadago a lambunan Tuti, ya samu ya mallaki wata 'yar gona a gaɓar Farin Nilu, kudu da gari. Yana da injin ban-ruwa guda, yana noma albasa da kuɓewa da gauta da ganye. Ita ce abu na farko da aka taɓa rubutawa da sunan wani a danginmu a ƙasar nan.

Wata yamma, bayan an sha ruwa an yi salla, ya zaro wata takarda daga aljihun jallabiyarsa ya miƙo mini.

"Mai tauraro, karanta mana wannan. An ce daga wajenku ta fito."

Taswirata ce. An yi mata fotokwafi a ƙaramar takarda, kuma domin hoton ya shiga, an yanke farin gefen gaba ɗaya. Babu suna, babu ma'auni, babu rubutuna na cewa gwaji ne. Jan ya koma baƙi ƙirin kamar wurin da gobara ta ci. A sama wani ya rubuta da biro, da Larabci, cewa wannan shi ne tushen Farin Nilu. Na riƙe ta har Kawu ya ce, "Ko ba ka iya karatun ba ne?"

Na tambaye shi inda ya samo ta. Ya ce dillalan filaye ne ke yawo da ita a gaɓa, gona-gona. Suna cewa gwamnati ta sani tana ɓoyewa, nan da 'yan shekaru injin ban-ruwa zai riƙa zuƙo yashi, wanda ya sayar yanzu shi ya tsira. Maƙwabtansa biyu sun riga sun sayar. Lokacin kuwa ruwa yana ja da baya daga gaɓa, kamar yadda yake yi kowace shekara bayan cikarsa, amma a wannan karon kowa da wani ido yake kallonsa.

Na ce, "Kawu, kada ka sayar. Wannan takarda an yanke ta."

"Kai ka zana ta?"

"Ni na zana."

"Ƙarya ka zana?"

"A'a."

"To, ƙanƙarar tana ƙarewa ko ba ta ƙarewa?"

Na ce, "Tana ƙarewa. Amma ba ita ke cika kogin ba."

Ya jawo kwanon abre, ya nuna guntun da ke yawo a ciki. "Haruna, ni ban yi jami'a ba, amma shekara nawa ina sayen wannan abu. Da farko sai ka ga kamar ba ta raguwa. Idan ta kai rabi, ka juya ka yi alwala, ka dawo babu ita. Taku ta kai rabi, in ji takardarka."

Na ce masa ƙarama ce ƙwarai. Ya ce ƙarama kamar me? Na faɗa masa da murabba'in kilomita, ya ce in yi masa magana da harshen mutane. Sai na mayar masa da lissafin zuwa fadan, ma'aunin da manoma ke auna gona da shi a nan, na ce abin da ya rage 'yan ɗaruruwan fadan ne. Nan na ga fuskokin da ke kan tabarma sun canja. Mutumin da duk abin da ya mallaka bai wuce 'yan fadan da za a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, na gaya masa ɗaruruwa.

Wani maƙwabcinmu ya ce, "Subhanallahi! Gonar ƙanƙara ɗaruruwan fadan, rabi ya tafi, yaron nan yana cewa ƙarama!"

Kawu ya ce, "Ku ƙyale shi, ma'aikacin gwamnati ne. An hana su faɗa."

Na roƙe shi ya ba ni lokaci in kawo masa hujja da zai gani da idonsa. Ya ce dillali ya ba shi zuwa goman ƙarshe, bayan nan farashi zai sauka.

Washegari na kai wa Ustaza takardar. Ta juya ta gaba da baya tana neman gefen da babu, sannan ta zauna. Ba mu taɓa tunanin taswirarmu za ta je hannun wanda ba ya neman ma'auni ba. Duk wanda ya taɓa ganin taswirar ofishinmu a talabijin, ta Sudan ce ta cika takarda. Ga kuma ƙanƙara ta cika takarda. A idon mai kallo, girmansu ɗaya.

Abin da ake bukata a fili yake: a ajiye ƙanƙarar kusa da wani abu da Kawu ya sani da ƙafarsa, a kan ma'auni ɗaya. Na ɗauko layin Tuti daga tsofaffin ayyukana, na ɗora shi gefen layin ƙanƙarar a kwamfuta. Ni da na auna su duka biyun, sai da na sake duba ma'aunin, domin na ɗauka na yi kuskure. Duk ƙanƙarar da ta rage a kan duwatsun, idan aka tattara ta wuri guda, za ta zauna a wani ɓangare na Tuti, ta bar gari da yawancin lambuna a fili. Ta dā ma, kafin ta ragu, ba ta kusa cika tsibirin ba. Na ƙara taswira ta biyu, ta dukan ƙasashen da ruwansu ke gangarowa Farin Nilu, da manyan tafkunansu. A kanta ƙanƙarar ba ta kai bakin alƙalamina ba.

Na buga, na kai wa jami'in tsaro domin hatimi. Ya duba, ya ce wannan Tuti ne. Na ce shi ne. Ya ce Tuti yana fuskantar manyan gine-ginen gwamnati, taswirarsa daga hoton tauraro ba ta fita sai da izini daga sama. Na nuna masa cewa layin gaɓa ne kawai, babu gini ko ɗaya. Ya ce shi ba a ba shi umarnin bambancewa ba. Ya sa ta a aljihun tebur ya kulle. Na riƙa komawa, amsar ɗaya ce: Kanar ya yi tafiya, Kanar yana taro, a dawo bayan salla. Taswirar da ta ruɗa mutane ta fita ba hatimi, wadda za ta warware ruɗun tana kulle.

Ustaza ce ta ce, "Ka zana da hannu a gida."

Na ce, "Ustaza, daga ka? Ba zai zama daidai ba. Gaɓar arewa tana canjawa kowace shekara."

Ta cire tabarau ta dube ni. "Kawunka zai auna gaɓar arewa? Watanni na sa ka kana zana tsibirin nan. Tashi ka tafi."

Na zana shi a kan takarda mai shara-shara, a kan tiren mahaifiyata da na kifa. Na auna tsawo da faɗi da abin da na haddace, na zana ƙanƙarar a cikinsa, a kan lambunan kudu inda Kawu ya yi aiki. Duk da haka na rubuta a ƙasa cewa zanen hannu ne, yana iya karkata kaɗan.

Na kai masa a tabarmar shan ruwa. Ya goge hannunsa a jallabiya ya karɓa, ya matsa kusa da fitilar ƙofa.

"Wannan ai Tuti ne."

"Shi ne, Kawu."

"Ga inda kwalekwale ke tsayawa. Ga wajen masu bulo." Yatsansa ya bi gaɓa ya zagayo, ya tsaya a kan 'yan ɗigogin da na yi wa inuwa. "Wannan fa?"

"Ita ce ƙanƙarar. Dukkanta."

"Wadda ke cikin takardar dillali?"

"Ita."

"Wannan da zan zagaye ta tsakanin azahar da la'asar?"

Na ce, "Idan a shimfiɗe take, ƙwarai."

Takardar ta zaga tabarma hannu-hannu. Maƙwabcin nan namu ya ce, "Wallahi ko rijiyar unguwa ba za ta riƙe ba, balle Nilu!" Wani ya fara tsine wa dillalai. Daga ƙarshe takardar ta dawo hannun Kawu. Ya naɗe ta a hankali yadda ba za ta karye ba, ya miƙo mini.

Ya ce, "Aikinka ya yi kyau. Jiya bayan la'asar muka shafa Fatiha da dillali a kan gonar."

Na ce ai ba a sa hannu a takardu ba, ana iya janyewa. Mutanen tabarma suka goya mini baya, har da masu cewa ciniki ne na yaudara, ko malamai ba za su tabbatar da shi ba. Ya ce shi ba a ɗaure masa hannu ba, da bakinsa ya ce ya sayar, a gaban mutane, cikin azumi, aka ɗaga hannu aka shafa. Ya ce bai taɓa shafa Fatiha a kan magana ya dawo ya ce wasa yake ba, kuma ba zai fara da furfura ba. Sannan ya tura mini kwanon ya ce in sha kafin ƙanƙarar ta narke.

Rahotonmu ya fita bayan watanni, da hatiminsa da kome. Abin da muka auna daidai ne, kuma waɗanda suka auna bayanmu da kayan da suka fi namu sun tarar ƙanƙarar ta ci gaba da raguwa. Wannan babban al'amari ne ga mutanen da ke zaune a gindin duwatsun. Amma tun daga wannan shekara na daina bin al'adar ofis. Ma'auni nakan sa shi a cikin murabba'in, a kan hoton kansa, inda ba a iya yanke shi sai an yanke taswirar. Kusa da shi kuma nakan sa layin Tuti, domin ɗan layin kilomita injiniya kaɗai yake yi wa magana, Tuti kuwa duk wanda ya taɓa tsallaka gada ya san girmansa. Jami'an tsaro sun yi ta ƙorafi, daga baya suka gaji. Wannan shi ne abin da kika goge, 'yata, kuma shi ya sa na ce ki mayar.

Gonar Kawu yanzu gida ne mai bene da doguwar katanga. Shi kuwa yana da tebur a kasuwar kayan miya, yana sayar da albasar wasu. Duk shekara idan ruwa ya cika, yakan hau bas shi kaɗai ya tafi kudu, ya tsaya ya ga inda ruwan ya kai a jikin katangar. Da yamma sai ya biyo ta ƙofar gidanmu, ba ya ko zama, ya ce, "Haruna, na je na tsaya a kansa. Kogin yana nan."